Yadda Ake Hawan Babur Mai Ƙafa Huɗu a Hamadar Dubai, Mataki Bayan Mataki

Masu zuwa Dubai saro kaya da masu zuwa hutu da iyali sun sha tambaya a kan babur mai ƙafa huɗu da suke gani ana gudu da shi a kan jan rairayi a hotunan Instagram da TikTok: ina ake samunsa, nawa ake biya, kuma wanda bai taɓa hawa ba zai iya? Zai iya, domin yawancin baburan da ake bai wa baƙi ba su da kuloci, da kansu suke canza giya, kuma cikin ɗan lokaci mutum zai gane totur da birki. Sai dai wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane, musamman waɗanda suka ƙware a babur mai ƙafa biyu, domin yawancin abin da jikinsu ya saba yi a kan babur na gida kuskure ne a kan wannan. Ga yadda ake bin lamarin, tun daga zaɓen rana har zuwa mayar da makulli.

1. Zaɓi wata da lokacin fita

Daga watan Nuwamba zuwa Maris ne hamadar take da daɗin shiga. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa zafin rana yakan haura digiri 40 kusan kullum, rairayin ya yi zafin da ba a iya taka shi da ƙafa, injin babur kuma ya ƙara wa mahayi nasa zafin daga ƙasa. Wanda tafiyarsa ta faɗo a waɗannan watanni, to ya nemi fitar asuba kawai.

Ko a lokacin sanyi ma fitar safe ta fi dacewa da sabon shiga, saboda sanyin dare da raɓa suna sa rairayi ya yi ƙarfi, taya ba ta nutsewa sosai, sannan inuwar tuddai tana fitowa fili, mutum yana ganin inda ƙasa ta gangara. Da tsakar rana inuwa takan ɓace, ko'ina ya zama launi ɗaya, sai mutum ya ɗauka fili ne a gabansa alhali gangare ne mai zurfi. Fitar yamma tana da kyawun faɗuwar rana, amma a lokacin ne rairayi ya fi laushi, motoci kuma sun fi yawa. Asabar da Lahadi ne ranakun hutun mako a Dubai tun daga 2022, a Sharja kuwa har da Juma'a, kuma a waɗannan ranaku mazauna ƙasar suna fitowa da nasu baburan da motocin. Idan da hali, a zaɓi tsakiyar mako.

*Gargaɗi:* idan aka wayi gari da iskar arewa maso yamma mai tayar da ƙura, wadda suke kira shamal, ka nemi a ɗaga maka rana. Ba a ganin gaba da kyau a cikinta, kuma tana share sawun taya nan da nan.

2. San irin fitar da kake saye

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin abin da mutum ya gani a talla da abin da ya tarar. Fita iri biyu ce. Ta farko ita ce zagaye a cikin wani fili da aka killace da tsofaffin tayoyi ko igiya, na minti 15 zuwa 30, yawanci a kan ƙaramin babur, kuma ita ce ake cusawa a cikin tafiyar yamma da ake kira safari, wadda ta haɗa da hawan tuddai a mota, hawan raƙumi da cin abincin dare a sansani. Ta biyu ita ce shiga buɗaɗɗiyar hamada a bayan jagora, ana tafiya a jere, na awa ɗaya ko biyu, a kan babur mai ƙarfi. Hotunan da ke jan hankalin mutane kusan duk daga ta biyun suke, amma farashi mai rahusa da ake rubutawa a ƙarƙashinsu na ta farkon ne.

Wurare biyu aka fi zuwa. Akwai Lahbab, mai jan rairayi, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga tsakiyar Dubai. Akwai kuma Al Badayer da ke cikin masarautar Sharja, a kan hanyar Dubai zuwa Hatta, inda babban tudun nan da ake kira Big Red yake, kuma a gefen titi akwai jerin rumfunan masu ba da hayar babura. Wanda bai taɓa hawa ba, shawarata ita ce ya fara da rabin awa a killataccen fili, idan ya ji hannunsa ya faɗa sannan ya biya ta buɗaɗɗiyar hamada. Big Red kuwa ba na ranar farko ba ne, ko da wa zai zuga shi.

Akwai kuma ƙaramar motar rairayi da ake kira bugi, irin su Polaris RZR da Can-Am Maverick, mai sitiyari da bel da ƙarafan kariya a sama. Ta fi tsada sosai, amma ita ta fi dacewa da miji da mata ko uba da ɗansa da suke son tafiya tare.

Abin da ke cikin wannan jagora zai yi amfani a wasu ƙasashen ma. Ana irin wannan hawa a Sharm el-Sheikh da Hurghada a Masar, da Agafay kusa da Marrakesh da Merzouga a Maroko, da Thumama a arewacin Riyad. Bambancin shi ne a Agafay da yawancin wuraren Masar ƙasar tsakuwa ce, ƙura ta fi tuddai zama matsala.

3. Kuɗi, da tambayoyin da ake yi kafin a biya

Kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, saboda haka dirhami 100 ya kama kusan dala 27. Farashi yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da girman inji, amma galibi rabin awa a killataccen fili yakan kama tsakanin dirhami 100 da 200, awa ɗaya a buɗaɗɗiyar hamada da jagora kuma daga wajen dirhami 300 zuwa 500 ko fiye. Bugi yakan ninka wannan sau biyu ko uku. A rumfunan bakin titi ana yin ciniki, musamman idan kuna da yawa ko a ranar da babu kasuwa, kuma Bahaushen da ya saba taya kaya a kasuwannin Deira da ke Dubai ba ya buƙatar a koya masa wannan.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa a rubuto maka amsar waɗannan a WhatsApp ko imel, ba da fatar baki ba: minti nawa za a yi a kan babur ɗin kansa, ban da lokacin bayani da ɗaukar hoto, killataccen fili ne ko buɗaɗɗiyar hamada, girman injin nawa ne, domin akwai tazara mai yawa tsakanin mai sisi (cc, ma'aunin girman inji) 150 da mai sisi 400 ko 700, kuɗin ya haɗa da ɗaukowa daga otal da mayarwa, da hular kwano da tabarau da ruwan sha, mutum nawa jagora ɗaya zai ja, sannan idan babur ya lalace a hannunka, wa zai biya, kuma har nawa. Ka kuma tambayi lambar lasisin kamfanin. Hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai ce take ba kamfanonin yawon shaƙatawa lasisi, kuma mai lasisi ba ya jin nauyin nuna shi.

*Gargaɗi:* kada ka bar fasfonka a hannun kowa a matsayin jingina. Idan sun nemi shaida, ka ba su hotonsa. Idan sun nemi kuɗin ajiya, ka karɓi rasit da aka rubuta adadin a kai. Haka kuma tallan da ya ce hawan babur "kyauta" ne a cikin safari mai araha, yawanci 'yan mintoci ne kawai, sauran kuma sai ka ƙara kuɗi a can inda ba ka da wani zaɓi.

4. Inshora da takardar da za ka sa wa hannu

Wannan shi ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa, alhali a nan babbar asara take ɓuya. Kafin a ba ka makulli za a miƙo maka takarda, da Turanci ko Larabci, a nuna maka inda za ka sa hannu, bayanka kuma ga layin mutane suna jira. Abin da irin wannan takarda ta saba ƙunsa shi ne ka yarda cewa da ganin damarka ka hau, kamfani ba shi da alhakin raunin da ka ji ko wanda ka ji wa wani, kuma duk ɓarnar da ta sami babur a wuyanka take. Ka karanta ta, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka, sannan ka ɗauki hotonta a waya.

Inshorar tafiya da ake saye tare da biza ko tikitin jirgi, da yawa daga cikinsu sun cire hawan irin wannan babur daga abin da suke biya, sai dai idan an ƙara kuɗi an saka shi musamman. Wasu kuma suna gindaya sharaɗin girman inji da sanya hular kwano. Asibiti a Dubai yana da tsada ƙwarai ga baƙon da ba shi da inshora, karayar kafaɗa ɗaya tana iya cinye jarin da mutum ya zo saro kaya da shi. Ka buɗe takardar inshorarka tun kana gida ka duba jerin wasannin da ta keɓe, idan ba ka gane ba ka tambayi wanda ya sayar maka a rubuce.

*Gargaɗi:* mai juna biyu, mai ciwon baya ko wuya, mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa tiyata ba da daɗewa ba, duk su haƙura. Wannan ya shafi masu zuwa ganin likita su ce bari su ɗan shaƙata kafin su koma gida.

5. Sutura da abin da za ka riƙe

Ka sa dogon wando mai kauri da riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwa, da takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu idan akwai. Silifas da takalmi mai buɗaɗɗen baya ba su da wuri a nan, domin salansa da gefen inji suna zafi ƙwarai, kuma daidai ƙauri suke. Babbar riga, doguwar jallabiya, abaya mai jan ƙasa, dogon hijabi da mayafi mai lilo duk haɗari ne, saboda sarƙa da ƙarfen tayoyin baya a buɗe suke a yawancin baburan, idan suka kama bakin tufa ba sa saki. Mace za ta iya suturta jikinta tsaf ba tare da wannan haɗari ba: wando mai faɗi, riga zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da aka cusa bakinsa cikin wuyan riga, hular kwano kuma ta hau a kai.

Hular kwano dole ce, kuma sai wadda ta kama kai daidai, a ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa. Wadda take juyawa idan ka girgiza kai ta yi maka yawa, ka nemi wata. Rawanin da ake naɗa wa baƙi don hoto yana tare ƙura daga hanci da baki, amma ba ya tare komai idan kai ya bugi ƙasa. Ka sa tabarau mai roba da ke manne wa fuska, domin na gayu rairayi yana shiga ta gefensa. Safar hannu tana hana kanta fitowa a tafin hannu.

Waya ta shiga aljihu mai zif, da cikakken caji. Zobe, agogo mai tsada, makullin ɗaki da kuɗi masu yawa a bar su a otal, domin abin da ya faɗi a rairayi da wuya a sake ganinsa. Ka sha ruwa sosai tun kafin fita, ka riƙe aƙalla lita ɗaya, kuma kada ka cika ciki da abinci mai nauyi, musamman idan za a fara da hawan tuddai a mota.

6. A hanya da wurin tsayawa

Motar safarin yamma takan zo otal wajen ƙarfe biyu da rabi zuwa uku da rabi, wato La'asar da Magariba duk a hanya za su same ka. Kafin a shiga rairayi direbobi sukan tsaya a wani zango su rage iskar taya, a nan akwai shaguna da bayan gida, kuma galibi akwai wurin salla, saboda haka ka yi alwala ka sallaci La'asar a nan. A wurin ne kuma masu sayar da rawani da tabarau da masu ɗora wa mutum shaho a hannu don hoto suke tare baƙi. Ka tambayi kuɗi kafin ka bari a naɗa maka ko a ɗora maka komai.

Wanda zai tafi da iyali ya sani cewa sansanin dare ya saba ƙunsar kiɗa da raye-raye da shisha, wasu sansanonin har da sayar da barasa. Wanda ba ya son wannan sai ya ɗauki fitar safe, wadda babur ne kawai da ɗan hawan raƙumi, a dawo otal kafin Azahar.

7. Duba babur kafin ka hau

Ka ɗauki bidiyon babur ɗin ta kowane gefe a gaban ma'aikacin, ka nuna duk wata tsagewar roba, fasasshiyar fitila ko lanƙwasasshen ƙarfe, ka sa ya ga kana yi. Minti ɗaya ne, amma shi zai raba ka da gardama a ƙarshe. Daga nan ka duba tayoyi huɗun: iskarsu kaɗan ce da gangan, amma kada wata ta fi wata kwanciya, domin babur zai riƙa ja gefe ɗaya. Ka matsa birki ka tura babur ɗin ka ji ko ya riƙe. Ka danna totur, wanda a nan ɗan ƙarfe ne da ake turawa da babban yatsan hannun dama, ba murɗawa ake yi ba, ka sake shi ka tabbata ya koma da kansa nan take. Wanda yake maƙalewa, ka ƙi karɓarsa. Ka leƙa mai, ka murza kan babur hagu da dama ka ji ko yana da sassauci.

Ka sa a nuna maka abu uku da hannu: wane birki ne na gaba wane ne na baya, domin tsarin ya bambanta daga babur zuwa babur, wasu ma hannu ɗaya ne yake kama duka tayoyin, ina giyar gaba da firi da ribas suke, sannan ina jan maɓallin kashe inji yake, wanda yawanci a hannun hagu ake sa shi. Ka kuma tambayi alamun hannu da jagora yake amfani da su na tsayawa da rage gudu.

*Gargaɗi:* idan aka ba ka zaɓi, kada girman kai ya sa ka ɗauki babur na tsere irin Yamaha Raptor 700, mai kuloci da giyar ƙafa. An yi shi ne don waɗanda suka goge. Babur mai canza giya da kansa, matsakaicin inji, ya ishi sabon shiga.

8. Zama, tashi da shan kwana

Ka zauna a tsakiyar sirdi, gwiwoyi sun kama tanki, ƙafafu biyu a kan matakai, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Ka danna totur a hankali, kamar mai gwada nunar mangwaro da yatsa, domin dannawa da ƙarfi lokaci ɗaya tana sa gaban babur ya ɗaga ko ya fizge ka. Sabon shiga idan ya tsorata yakan damƙe hannu, damƙar kuma ta ƙara tura totur, babur ya ƙara gudu a daidai lokacin da yake son tsayawa. Maganin wannan shi ne ka yi ta gwada tashi da tsayawa a fili har yatsanka ya saba da cewa sakin totur shi ne abu na farko, birki na biyu.

Ga babban bambancinsa da babur mai ƙafa biyu. Wancan idan za ka sha kwana kwantar da shi kake yi, shi kuwa wannan ba ya kwanciya. A tsaye yake shan kwana, nauyinsa yana rinjaya waje, kuma idan gudu ya yi yawa tayoyin ciki sukan ɗaga ya kife. Saboda haka ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, ka murza kan babur da hannu, ka karkata jikinka zuwa cikin kwanar, kana danna matakin waje da ƙafa. A nan jikin mahayi ne yake motsi a kan sirdi, gaba da baya da gefe, kuma dalilin da ya sa aka yi sirdin da tsawo ke nan.

*Gargaɗi mafi muhimmanci:* kada ka taɓa sauke ƙafa ƙasa babur yana tafiya. Ɗan acaɓa ya saba dafa ƙasa da ƙafa idan ya ji zai faɗi, amma a nan tayar baya tana bin daidai inda ƙafar ta sauka, za ta taka ta, ta kuma janyo mahayin ƙasa. Manyan baburan nan suna da nauyin kilo 200 zuwa sama da 300.

Tsawon sirdin ba gayyatar goyo ba ce. Babur na mutum ɗaya idan aka yi goyo a kansa nauyi yana komawa baya, mahayi kuma ba shi da wurin motsa jiki. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don mutum biyu, masu majinginar baya da matakai na fasinja, su za a nema. Yara kuma, yawancin kamfanoni ba sa barin wanda bai kai shekara 16 ba ya shiga buɗaɗɗiyar hamada shi kaɗai, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawarar da take bayarwa ita ce kada ɗan ƙasa da 16 ya tuƙa irin wannan babur. Ɗora yaro a kan tanki a gabanka kuwa, ko ma'aikaci ya ce ba komai, kada ka yarda.

9. Hawan tudu da gangarowa

Kowane tudun rairayi fuska biyu gare shi. Gefen da iska take bugawa yana hawa a hankali kuma yana da ƙarfi, ɗaya gefen kuwa yakan yanke ne lokaci ɗaya, ya gangara da tsayin kusan digiri 30, rairayinsa kuma sako-sako ne. Mai hawowa ta gefe mai sauƙi ba ya ganin abin da ke bayan ƙololuwa sai ya kai, kuma mafi munin haɗurran hamada a nan suke faruwa: mutum ya taho da gudu ya tsallake ƙololuwa ya faɗa gangare, ko ya yi karo da wata mota da take hawowa ta ɗaya gefen.

Idan za ka hau, ka fuskanci tudun kai tsaye, ka tara ɗan gudu tun daga ƙasa, ka matso gaban sirdi ka sunkuyar da ƙirji wajen kan babur, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi. Dab da ƙololuwa ka sassauta, yadda babur zai isa sama yana gab da tsayawa, ka ga abin da ke gaba tukuna. Idan za ka gangara, ka ja jiki baya, ka miƙe hannuwa, ka fuskanci ƙasa kai tsaye, ka bar babur ya sauka a hankali kana taɓa birki kaɗan-kaɗan. Damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangare yana sa gaban ya nutse, bayan ya tashi ya wuce ta kanka.

Idan ƙarfin babur ya ƙare a tsakiyar hawa, kada ka ƙara totur, kada kuma ka yi ƙoƙarin juyawa a karkace kana kai. Ka ajiye nauyinka a gaba ka kama birki. Idan ya fara komawa da baya, birkin gaba za ka kama, domin taka na baya da ƙarfi a wannan hali yana iya kifar da shi a kanka. Da ya tsaya sai ka sauka ta gefen da ke sama, ka jira jagora.

Ratsa gefen tudu a karkace shi ne abin da ya fi kifar da babur, kuma sabon shiga ya guje shi. Idan hanya ta tilasta, ka karkata jiki wajen sama, idan kuma ka ji tayoyin sama suna ɗagawa ka juya kan babur wajen gangare.

Duk wannan yana zuwa da sauƙi idan ka bi sawun jagora sak, domin shi ya san inda ramuka suke, da inda shingen waya na garken raƙuma ya ratsa, wanda ba a hango shi sai an zo kusa. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka, kada ka hau tudu sai ka ga ya wuce, kada ka wuce kowa, kada kuma ka tsaya a bayan ƙololuwa inda na bayanka ba zai gan ka ba. Ɗaukar bidiyo da hannu ɗaya ana tafiya wauta ce da ake gani kullum. Jagora yakan tsaya a wuri mai kyau don hoto, kuma da yawansu sun fi ka iya ɗauka. Ka kauce wa ciyayi da bishiyar ghaf, wadda ita ce bishiyar ƙasar kuma doka ta kare ta, ka kuma rage gudu idan ka ga raƙuma.

*Gargaɗi:* kada ka hau kwalta da wannan babur ko da tsallakawa zuwa shago ne. Dokar Dubai ta hana, 'yan sanda suna kama babur ɗin, kuɗin karɓo shi kuma mai nauyi ne ƙwarai, kuma takardar da ka sa wa hannu za ta ɗora shi a kanka.

10. Idan ya kafe, ko ka ɓace, ko aka ji rauni

Kafewa a rairayi ba abin kunya ba ne, kowa yana yi. Da ka ji tayoyi suna juyawa babur ba ya gaba, ka saki totur nan take, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙawa har cikin babur ya zauna a ƙasa. Ka sauka, ka share rairayin da ya taru a gaban tayoyi da hannu, ka kiyayi salansa, sannan ka ɗaga hannu jagora ya zo ku ɗaga bayan ku kawar da shi gefe.

Idan ka duba ba ka ga ayari ba, ka tsaya inda kake, a wuri mai tudu da za a hango ka, ka kashe inji don ka ji ƙarar sauran. Kada ka shiga nemansu, domin tuddan duk kama ɗaya suke. A Lahbab da Al Badayer galibi akwai sabis, saboda haka ka karɓi lambar jagora tun kafin a tashi, ka tura masa inda kake ta WhatsApp.

Idan wani ya faɗi, a fara kashe injin, a tsayar da mutum ɗaya a saman tudu ya tare masu tahowa. Wanda yake kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a ɗaga shi, kada a cire masa hular kwano matuƙar yana numfashi, a yi masa inuwa a kira 998 don motar asibiti ko 999 don 'yan sanda. Rahoton 'yan sanda da na asibiti su ne kamfanin inshora zai nema. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da kasala alamun zafi ya fara cin mutum ne, ya tsaya ya sha ruwa a inuwa. Idan ya fara ruɗewa ko sambatu, wannan na asibiti ne cikin gaggawa, a riƙa jiƙa masa jiki da ruwa kafin taimako ya iso.

11. Mayar da babur

Ka duba agogo lokacin da aka ba ka makulli, ka faɗa wa ma'aikacin da baki, domin wasu wuraren suna cajin ƙarin lokaci da zarar an zarce. Idan kun dawo, ka tsaya a inda aka nuna, ka sa firi, ka ja birkin ajiya, ka kashe inji, ka sake ɗaukar bidiyon babur ɗin ta kowane gefe kafin ka bar wurin, ka sa ma'aikacin ya tabbatar a gabanka cewa lafiya ka dawo da shi. Idan aka ce ka yi ɓarna, ka fito da bidiyon farko, ka nemi a rubuta abin da ya lalace da kuɗinsa, kada ka biya komai ba rasit. Ka karɓi kuɗin ajiyarka a take. Ɗan ihsani ga jagora ba dole ba ne, amma an saba ba da dirhami 20 zuwa 50 idan ya kula da ayari yadda ya kamata.